Dillalin da Ke Karanta Takalma

Eilif Brattholm dillalin jiragen ruwa ne a garinmu, kuma a duk gaɓar tekun nan ta yammacin Norway ban san wanda ya fi shi iya baki ba. Dogo ne, mai tsabta, ga murmushi kamar an zana masa. Aibinsa guda ne, amma ya ishe shi: ba ya duban fuskar mutum sai ya fara duban ƙafarsa. In ya ga takalmi mai tsada, sai baki har kunne. In ya ga wanda ya sha jiki, nan take sai ya zama kurma. Na san shi tun yana yawo da majina a tsibirinmu. Na kuma san ubansa, masunci ne da ya bar duniya bai mallaki wani takalmi ba sai na ruwa da na zuwa coci. Amma tunda Eilif ya ƙetaro gari ya ɗaura agogon zinare, ko sunan tsibirin ba ya son a ambata a gabansa.

Ni sunana Gunvor. Igiyoyi da rigunan ceto nake sayarwa. Duk shekara in an buɗe baje kolin jirage a tashar ruwanmu, rumfata tana kan gadar katakon da ke bisa ruwa, dab da inda kamfanin su Eilif ke ɗaure nasu jiragen. Ba a hawa jirgin baje koli da takalmi, don kada a ɓata daɓensa. Mutum yakan tuɓe ya ajiye a kan gada, ya shiga da safa. To, wannan jeren takalman shi Eilif yake karantawa. Ya ɗaura wata jar igiya a bakin katakon hawa, yana buɗe wa wanda ya ga dama, sauran kuma ya ce musu sai wanda ya yi alƙawari tun da farko.

"Gunvor, ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima," haka yakan ce mini. "Kin ga wancan mai takalmin gudu? Kallo ya zo da ɗaukar hoto. Wancan mai na fata ruwan ƙasa, shi ne mutumina."

"Kai dai ka ji tsoron Allah," nakan ce. "Ke nan da ubanka zai zo nan, a bakin igiya za ka tsayar da shi?"

"Ubana ai ya san inda ya dace da shi, ba zai zo ba."

A shekarar da nake ba ku labari, sun kawo wani farin jirgi mai ɗaki da inji, an rubuta masa Stella da ruwan zinare. Baƙi suna ta yaba shi, amma duk ɗan tsibirinmu da ya wuce sai ya kau da kai, domin mun san shi. Jirgin Jostein ne, wani mai gyaran wutar lantarki da ya yi shekaru yana tara kuɗi kafin ya saye shi, ya sa masa sunan mahaifiyarsa, Borghild. Wata safiya ya fita kamun kifi shi kaɗai, hazo ya rufe teku. Aka tsinci jirgin yana yawo kusa da Baƙin Dutse, wani dutse da ke can cikin teku, inji a kashe, babu kowa ciki. Ba a taɓa ganin gawarsa ba. Uwar ta faɗi ciwo aka kwantar da ita a asibiti, kafin ta tashi 'yan inshora sun ɗauke jirgin sun yi gwanjonsa. Kamfanin su Eilif ya saya, ya shafe shi da sabon fenti, ya canja suna.

Mu a tsibirinmu, in jirgi ya dawo babu mai shi, akwai abin da tsofaffi suka bar mana. Sai wani na jikinsa ya hau, ya dafa sitiyari, ya kira sunansa, ya gaya masa an iso gida, ya sauko. Sun ce in ba a yi haka ba, shi bai san tafiya ta ƙare ba. Fasto ba ya so, ba ya kuma hanawa. Eilif ya san wannan sarai, domin a gabansa aka yi wa kawunsa. Sai dai a lokacin abu guda ne a ransa. Maigidansa ya yi masa alƙawarin cewa in ya sayar da Stella kafin a tashi daga baje kolin ranar Lahadi, shi zai riƙe sabon reshen da za su buɗe a kudu.

Ranar Alhamis da aka buɗe, da hantsi, sai ga Borghild. Ta rame har na kusa kasa gane ta. Tana sanye da tsohuwar rigar ulu da takalmin ruwa kore, irin wanda muke zuwa gonar dankali da shi. Ta tsaya a bakin jar igiya, ta sunkuya za ta tuɓe.

"Iya, kada ki wahal da kanki," in ji Eilif, ko kallonta bai yi ba. "Wannan sai mai alƙawari."

"Eilif, ɗana, ni ce Borghild. Ba saye na zo yi ba, ka san abin da ya kawo ni. Ka bar ni in hau in kira shi, ko kofinka ba zai huce ba na sauko."

Ya waiga hagu da dama ko wani ya ji. Sannan ya rage murya. "Nan wurin kasuwanci ne, Iya, ba maƙabarta ba. Ki hau kina kiran matattu a gaban masu saye? Ki rufa mini asiri. Akwai ƙananan kwale-kwale can ƙarshen gada, su kowa yana hawa."

"To da safe, kafin mutane su zo?"

"Ko da safe, ko da yamma. Jirgin nan Stella ne, ban san wani Jostein a cikinsa ba."

Raina ya ɓaci. Na jawo ta rumfata, na ba ta kujera da kofi da wainar fulawa mai cuku. Ba ta ci ba. Ta wuni tana kallon jirgin, da aka tashi ta tafi gidan ƙanwarta da ke cikin gari.

Washegari ni na fara isowa gada. Gari ya waye sarai, ruwa kwance kamar an shafe shi da mai, ko tsuntsu ɗaya ba ya kuka. A bakin katakon hawa Stella na ga takalmin ruwa baƙi, na babban namiji. An jera ƙafafun biyu tsaf, bakinsu yana fuskantar jirgin, kamar yadda mai ladabi yake ajiyewa in zai shiga. A jiƙe suke sharkaf, ga ciyawar teku ta nannaɗe ɗaya, ga wari irin na abin da ya daɗe a ƙarƙashin ruwa. Gadar duk a bushe take, sai wurin kaɗai. Na koma rumfata ban taɓa su ba.

Da Eilif ya iso ya gan su, sai ya yi tsaki. "Tsohuwar nan tana neman ta raina mini hankali."

"Nata kore ne, kuma yana ƙafarta," na ce. "Wannan ƙafarta biyu za su shige cikin guda. Eilif, ka bar ta ta hau."

"Ke ma kin fara? Shi ya sa har yau igiya kike sayarwa."

Ya sa ƙafa ya shure su cikin ruwa. Muna kallo suka nutse, ko kumfa ba su tayar ba. Ranar ma Borghild ta zo, ya sake hana ta.

Ranar Asabar takalman suna nan inda suke jiya, a jere, a jiƙe. Wannan karon bai shure su ba. Ya ɗauko buhu ya rufe su, ya tura su gefe da sanda. Akwai kuma wani abu da na nuna masa a bayan jirgin. A ƙarƙashin sabon fentin, tsohon sunan ya fara fitowa dishi-dishi, har ana iya karanta Borghild a bayan Stella. Ya ce danshi ne. Ya samo babbar tuta ya rataya a wurin.

Da rana sai ga irin mutanen da yake mafarki: wani likitan haƙori daga Oslo, Dakta Aasen, da matarsa. Takalmansu kaɗai sun isa su sa Eilif rawa. Kafin su ƙaraso ya kwance igiya, ya sunkuya da kansa ya gyara wa matar nata a kan gada.

"Ranka ya daɗe, tun safe nake cewa jirgin nan yana jiran mai shi. Ashe kai ne. Uwargida, a hankali, riƙe hannuna."

Suka daɗe a ciki. Da suka fito ina jin likitan yana tambaya, "Ba sabo ba ne, ko? Me ya sa mai shi ya rabu da shi?"

"Wani dattijo ne, yallaɓai, gwiwa ta dame shi. Ko ruwan sama bai cika dukan jirgin nan ba. Da kuka ya rabu da shi."

Borghild tana zaune a rumfata, ta ji komai. Ta miƙe ta nufe su tana cewa, "Bawan Allah, ka ji wata magana." Eilif ya sha gabanta yana murmushi, ya ɗaga wa masu gadi hannu. Ya ce wa baƙin, "Ku yi haƙuri, tsufa ne, kanta ya ɗan taɓu." Masu gadi suka riƙe ta a hankali, don su ma kunya ta kama su. Ba ta yi gardama ba. Da za ta wuce shi ta ɗan tsaya.

"Ba komai, ɗana," ta ce. "Amma shi bai san an sayar ba. A saninsa har yanzu yana kan hanya."

Aka fitar da ita, aka hana ta shigowa. Likitan ya ce zai dawo gobe ya sa hannu, a kai masa jirgin Oslo cikin makon.

Ranar Lahadi da safe suka dawo. Likitan da Eilif suna tsaye a kan gada suna magana, matar ta tuɓe takalmi ta shiga don ta auna tagogin ɗaki, wai za ta canja labule. Ba ta jima ba ta fito da baya-baya, fuskarta fari fat. Safarta ta jiƙe har idon sawu.

"Wancan mutumin abokin aikinka ne?" ta tambayi Eilif.

"Wane mutum, uwargida?"

"Wanda ke zaune gaban sitiyari. Ruwa yana zuba daga jikinsa. Na gaishe shi bai juyo ba."

Eilif ya yi dariyar yaƙe. Ya leƙa ta taga ya ce babu kowa, inuwar gilashi ce. Matar ta ce ko da kyauta aka ba ta ba za ta ƙara taka jirgin nan ba. Likitan ya fara sosa ƙeya yana cewa bari su je su yi shawara. Eilif ya ga reshen kudu yana suɓuce masa daga hannu, sai ya rikice.

"Yallaɓai, tsaya! Ai ba ka ji kukan injin ba. Ku tsaya nan, yanzu zan zagaya da shi bakin tasha in dawo. In kun ga yadda yake tsaga ruwa, uwargida da kanta za ta ce a kawo biro."

Na duba bakin teku na ga hazo ya taso fari, yana tahowa a hankali. Na ciro rigar ceto na miƙa masa. "Eilif, don darajar mahaifiyarka kada ka fita. In kuma ka ƙi ji, karɓi wannan."

"Gunvor, yau ma sai kin yi talla?" ya ce, don baƙin su yi dariya. Ba wanda ya yi.

Ya tuɓe takalmansa masu ƙyalli ya jera a kan gada, ya hau da safa, ya kwance igiyoyi. A lokacin na juya wajen buhun da ya rufe takalman ruwa. Buhun yana nan a shimfiɗe, babu komai a ƙarƙashinsa sai shatin ruwa guda biyu. Na kira sunansa da ƙarfi, amma injin ya riga ya tashi.

Jirgin ya fita tsaf. Da ya kai inda ya kamata ya juyo, bai juyo ba. Ya miƙe sak ya nufi waje, hanyar da masunta ke bi zuwa Baƙin Dutse. Wata mata kusa da ni ta ce wa mijinta, "Ba shi kaɗai ya hau ba? Ni mutum biyu nake gani." Daga nan hazo ya haɗiye shi, ƙarar injin ta yi ta raguwa har ta ɓace. Gada cike da jama'a, amma ka rantse babu kowa. Sai ƙarar ruwa a ƙarƙashin katako.

Da la'asar jirgin masu ceto ya jawo shi zuwa bakin gada. Sun same shi kusa da Baƙin Dutse, inji a kashe, a daidai inda aka tsince shi a karon farko. Eilif yana ciki da ransa. Yana zaune a ƙasa ya rungume ƙafar tebur. A ƙafafunsa akwai baƙin takalmin ruwa, cike da ruwan teku. Ƙarti suka yi ta fama su ɗaga shi, ya ƙi sakin teburin. Suka ja takalman, suka ƙi fita.

"Tashi mana, ka iso," in ji babbansu.

"Ya ce ba mu iso ba," in ji Eilif, da wata siririyar murya kamar ta yaro.

"Wa ya ce?"

Idonsa yana kan kujerar da ke gaban sitiyari. Babu kowa a kanta, amma ruwa yana ɗiga daga gefenta, ɗis, ɗis, bai tsaya ba. Mutanen nan da suka saba ɗebo gawa daga teku, na ga sun fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya.

Na ruga bakin ƙofar baje kolin. Borghild tana zaune a kan benci a waje, inda take zaune tun safe. Na riƙo hannunta muka shigo, babu mai gadin da ya ɗaga kai. Da muka iso, ta sunkuya ta tuɓe koren takalminta, ta jera shi kusa da na Eilif. Jar igiyar tana yashe a ƙasa, amma ba ta tsallake ba. Ta tsaya a bakinta, ta leƙa ta ƙofar ɗakin.

"Eilif, ɗana, kai ne mai ba da izini. In hau?"

Sai ya fashe da kuka. "Iya, don Allah hau. Don Allah."

Ta hau a hankali, tana dafa ƙarfe. Ta je ta ɗora hannu a kan sitiyari. Ba ta ɗaga murya ba, ta yi magana ne kamar mai tashin yaro daga barci.

"Jostein. Jostein, ɗana, an iso. Ka sha hanya. Sauko mu tafi gida, abinci yana hucewa."

Ɗigar ruwan ta tsaya. Ta durƙusa gaban Eilif, ta kama takalman, suka zare kamar ba su ne suka gagari ƙarti ba. Ta zubar da ruwan, ta rungume su a ƙirji, ta juyo. Ina tsaye a bakin katakon hawa lokacin da ta sauko, kuma abin da na gani ba zan canja shi don wani ya yarda ba. Katakon ya lanƙwasa a ƙarƙashinta, ya miƙe. Tana taka gada, ya sake lanƙwasawa, fiye da na farko, alhali babu kowa a kai. Wani sanyi ya wuce ta gefena. Ban ji tsoro ba a lokacin, tausayi ne ya kama ni. Jama'a suka dare suka ba ta hanya, hanyar da ta ishi mutum biyu.

An binne takalman a harabar cocin tsibirinmu, kusa da kabarin uban Jostein. Borghild ta yi ƙiba bayan nan, har ta koma noman dankalinta. Likitan ya ji gaskiyar labarin a bakin mutane tun kafin ya bar gada, ya je ya zazzage wa maigidan Eilif. Ba reshen kudu kaɗai ba, har aikin ma ya rasa, kuma babu kamfanin da ya ƙara ɗaukarsa a gaɓar nan. Takalmansa masu ƙyalli suka kwana a kan gada, babu wanda ya yarda ya taɓa su, sai masu shara ne suka kwashe.

Bara na gamu da shi a wani gari can cikin duwatsu, inda ko kwale-kwale ba a gani, yana aiki a shagon tayoyin mota. Furfura ta cika kansa. Da na shiga bai gane ni da wuri ba, domin har yau ƙafar mutum yake fara duba. Na ce, "Eilif, ashe halin yana nan? To nawa na arha ne, kada ka wahal da idonka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba tsadarsu nake dubawa ba, Gunvor. Ina duba ko a jiƙe suke."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Duk wanda aka ɗora a bakin ƙofa, ko ta jirgi ce, ko ta shago, ko ta ofis, ya sani ba duk mai zuwa ne ya zo da kuɗi ba, amma kowa ya zo da buƙata, kuma kowa yana da mutuncinsa. Ka dubi fuskar mutum ka saurari abin da ya kawo shi kafin ka dubi abin da ya taka. Kada ka yi wa mai saye ƙarya don ciniki ya faɗa, domin fenti ba ya binne gaskiya. Kada kuma ka raina inda ka fito. Abin da Borghild ta roƙa bai kai shan kofi guda ba, da Eilif ya ba ta da bai rasa komai ba. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma wanda ka tsayar yau a bakin igiya, wataƙila gobe shi kaɗai ne zai iya sauko da kai.